Abin da Ke Ɗakin Baya

"Ba za ki nuna masa hoton ba," na ce.

"Hoton gidanmu ne, Auta, ba na gidan maƙwabta ba."

"Ko na gidan waye. Ba za ki nuna masa ba."

Yaya Babba ta dire jakarta a kan teburin yanka, a kan yadin wani da na shimfiɗa tun safe ban sa masa alli ba. A shagon ɗinkin Baba muke. Shagon ya dawo hannuna tun da ciwo ya zaunar da shi a gida. Ita kuma daga jami'a ta biyo, hoton yana cikin ambulan a hannunta.

"Zauna in yi maka bayani."

"Na ƙoshi da bayani, Farfesa. Duk abin da kika ajiye a gabansa kika ce 'Baba, mene ne wannan?' mutuwa yake yi. Almakashi. Madubi. Agogo. Yanzu kuma mu za ki ajiye."

"Ba tambayata ke kashe su ba. Sai na ga kalma ta fara ciwo nake tambayarsa ita. Kai gawar kawai kake gani, sai ka ce ni ce."

"To bar ta ta mutu da kanta."

Ta dube ni. Tana da wani kallo irin na malamai, mai jiran mutum ya ji kunyar abin da ya faɗa. Ban ji ba.

"Jiya mai karanta mitar wuta ya shigo gida," ta ce. "Ka ji abin da Baba ya ce masa?"

Na ji. Ina bakin famfo a lokacin. Baba ya ɗaga kai, ya yi wa mutumin murmushi, ya ce, "Auta, ka dawo?" Mutum ne mai furfura da tumbi. Ya amsa da ladabi, ya duba mitarsa, ya fita.

"Ka san abin da hakan ke nufi," in ji ta.

Na sani. Shi ya sa yadin yake shimfiɗe tun safe.

Ciwon Baba ba mantuwar tsufa ba ce. Likita ma haka ya ce. Yana tuna abin da ya ci jiya. Yana tuna wanda ya zo gaishe shi. In ka bar shi zai je shago ya dawo bai ɓata ba. Abin da ke zubewa daga kansa ma'ana ce. Kalmar tana nan a bakinsa, zai maimaita maka ita daidai, amma ta zama kwalbar da babu komai a ciki. Shi kuma abin, in ya riƙe shi, bai san na mene ne ba.

Abin haushin, wannan shi ne karatun Yaya. Ilimin ma'ana suke ce masa, a sashen harsuna. Tun kafin ciwon take damun mu da shi. Takan jera kofuna a kan tebur, daga siriri mai mariƙi har zuwa mai faɗin baki marar mariƙi, ta kira mutum ta ce ya nuna mata inda kofi ya ƙare, kwano ya fara. Kowa da inda yake sa yatsa. In ta zuba shayi a ciki, iyakar ta matsa gaba. In ta zuba shinkafa, ta ja baya. Baba yakan yi dariya ya ce, "Ashe duk karatun nan na wanke-wanke ne." Ita kuma ta ce kalma ba ta tsayuwa ita kaɗai, maƙwabtanta ne ke riƙe da ita. Kofi kofi ne saboda akwai kwano a gefensa. Ka cire ɗaya, ɗayan ya karkace.

Ita ta fara gane yadda kalmomin Baba ke mutuwa. Kumbura suke fara yi. Almakashi ne na farko. Baba ya fara ce wa wuƙa almakashi. Daga nan cokali, mabuɗi, duk wani ƙarfe da ke shiga hannu. Muna ta dariya. Wata safiya ya ɗauki nasa, baƙin nan mai nauyi da yake riƙe da shi tun kafin a haife ni, ya juya shi, ya buɗe, ya rufe.

"Wannan fa, mene ne?"

"Almakashi ne, Baba," in ji Yaya.

"Mene ne almakashi?"

Ya sake juya shi, sai hawaye. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Umma ce ta tashi. Ta goge hannunta a jikin rigarta, ta zare almakashin daga yatsunsa a hankali, ta bi baranda da shi zuwa ɗakin baya, ta ja ƙofa. Kafin ta dawo Baba ya daina kuka. Ya ɗauki shayinsa ya sha.

Daga ranar ya zama dokar gidanmu, ba tare da kowa ya kafa ta ba. Duk abin da Baba ya tambaya, Umma ta goge hannu, ta ɗauke, ta kai ɗakin baya. Madubi ya tafi. Agogon bango ya tafi, ya bar ƙusa tsirara da wani farin zagaye a jikin fenti. Rediyo, laima, dutsen guga, fanka. Falonmu ya koma kamar na mutanen da ke shirin tashi.

Yaya ta yi magana har ta gaji. "Taya ciwon aiki kike yi, Umma. Abin da ido ba ya gani, kalmarsa ta fi saurin mutuwa. A bar su a gabansa, a riƙa kiran sunansu."

"Ke kin yi karatu," in ji Umma. "Ni mijina ne ba na son in ga yana kuka."

Ni ban shiga ba. Abin da na lura da shi daban ne, ban kuma gaya wa kowa ba. Duk abin da ya shiga ɗakin, babu mai sake neman sa. Zafi ya zo, babu wanda ya ce ina fanka. Aka yi ruwa, Umma ta fita da leda a kanta. Ni kaina da riga a yamutse nake zuwa shago, sai na ga dutsen gugar shagon in tuna cewa da akwai irin sa a gida.

Yanzu kuma sunana ne ya fara kumbura.

Yaya ta mayar da ambulan ɗin cikin jaka. "Ka yi tunani," ta ce. "Ba gaba nake da kai ba. In an nuna masa fuskarka ana kiran sunan, zai iya daɗewa."

"In kuma ya tambaya?"

"Sai mu amsa masa."

"Kin amsa masa ta almakashi."

Ta fita, ta bar ƙofar gilashin tana lilo.

Na sa alli, na ɗauki almakashina. A yanka na biyu ƙusar tsakiyarsa ta fita, ya rabu biyu a hannuna. Mai kayan kuwa da yamma zai zo. Na rufe shago na nufi gida, in ɗauko na Baba.

Rana tana tsaka. Titin namu shiru, sai ƙarar injin mai walda daga can ƙarshe. Na sami Baba a falo kan kujerarsa, yana kallon ƙusar bango. Ya ce min Auta, na ce na'am. Na daɗe tsaye ina jin daɗin abin, kamar wanda aka ba ruwa.

A baranda na yi kiciɓis da Umma. Daga ɗakin baya ta fito, da faranti a hannunta, an cinye abin da ke ciki tas.

Na sha ganin haka. Kullum nake gani. Ban san me ya sa sai ranar na tsaya ba.

"Umma, wa kika kai wa abinci?"

Ta dubi farantin. Ta dubi ƙofar da ta fito. Goshinta ya tattare.

"Babu kowa."

"To wa ya cinye?"

"Ka cika tambaya kamar yayarka," ta ce. "Hannuna ne ke zubawa. Ya saba." Ta wuce kicin da sauri.

Ƙofar ɗakin ba ta da kwaɗo. Na tura. Taga ɗaya ce ƙarama a can sama, haske yana saukowa ta nan a karkace. Wari irin na ɗakin da mutum ke kwana, ba na ajiya ba.

Umma ta jera komai da kyau, kamar a kanti. Na tsaya ina kallo. Na san na zo ɗaukar wani abu. Na bi jerin da ido. Ga wani mai zagaye da lambobi a fuskarsa, da 'yan sanduna biyu. Ga wani mai ganye uku a cikin keji. Ga wani gilashi da ya nuna min wani saurayi a tsaye baki buɗe. Duk na san su, kamar yadda kake sanin fuskar wanda kuka yi makaranta tare. Amma ko za a yanka ni ba zan iya cewa ga amfaninsu ba.

Na ɗauki wani baƙin ƙarfe mai zobe biyu. Yatsuna suka shiga zoben da kansu, suka buɗe, suka rufe. Na kalle shi. Na ajiye.

Sai na ji numfashi.

A kusurwa ne, bayan akwatuna, kan wata katifa. Wani abu yana zaune, ya jingina da bango, ya haɗa gwiwoyi. Yana da tsawo. Yana da hannuwa, hannuwan suna kan gwiwoyin. Na kalli samansa, inda ya kamata in ga wani abu da zan gane, sai idona ya zame, kamar ƙafa a kan sabulu. Na sake gwadawa. Ya sake zamewa. Ban ji tsoro ba, wannan ne ma abin da ya fi damuna daga baya. Ji na yi kamar ina kallon akwati.

Rigar kawai na iya gani. Kore ce mai farin zane a tsaye, ta koɗe, ta matse a kafaɗa. Ɗinkin Baba ne. Na san yadda yake juya wuyan riga, na san yadda yake ninka bakin aljihu sau biyu. Kuma ina da irin ta a ƙasan akwatina.

Abin ya motsa. Ya yi wani sauti, gajere, mai gaɓa biyu. Ya sake yi. Na ja ƙofa na fita.

Sai da na kai bakin titi, kusa da mai walda, kalmar ta faɗo min. Almakashi. Shi na riƙe na ajiye. Agogo, fanka, madubi, duk suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kamar an kunna fitila. Na tsaya ina jiran na kusurwar ya dawo shi ma.

Bai dawo ba. Sautin kawai ya dawo, shi ma sai da na yi nisa na gane shi. Auta yake cewa.

Ban koma shago ba. Na hau mota zuwa jami'a.

Ofishin da Yaya ke zama na mutum uku ne, amma ita kaɗai na samu. Tebur cike da takardun ɗalibai, fanka tana juyawa a sama tana ƙara, kofunanta a jere a kan kanta, daga siriri zuwa mai faɗi. Na zauna na gaya mata komai. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta cire tabarau. "Ka ci abinci yau?"

"Ba yunwa ba ce."

"Auta, ciwon Baba ba a ɗaukar sa. Ba mura ba ce. Abu ne a cikin ƙwaƙwalwarsa shi kaɗai."

"Yaushe rabonki da shiga ɗakin?"

Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ta kasa tunawa.

"Kawo hoton," na ce.

"Ɗazu kamar ka cije ni a kansa."

"Kawo."

Ta zaro shi ta ajiye a tsakaninmu. Tsohon hoto ne, na ɗakin ɗaukar hoto, da labule a baya. Baba a zaune, Umma a gefensa. Yaya a tsaye ta dama cikin doguwar riga kore mai farin zane. Ni a hagu, ƙarami, cikin riga irin yadin. Haka Baba yake yi mana in ya sami yadi mai kyau: ya sayi bandir guda ya yanka mana duka.

"Ƙirga rigunan," na ce.

"Biyu."

"Da yatsa."

Ta sa yatsa a kan tata. Ta sa a kan tawa. Yatsan ya tsaya a iska, sannan ya sauka a tsakiya, a bayan kujerar Baba. Akwai kore a wurin. Akwai farin zane. Akwai hannu a kan kafaɗar Umma. Na ga idonta yana zamewa yadda nawa ya yi.

Fankar tana ta ƙara.

"Wa nake a wurinka?" ta ce.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa min. Me kake ce min?"

"Yaya Babba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na iya magana."

"Ba a cewa babba sai in akwai ƙarami." Muryarta ta yi ƙasa, kamar tana karanta wa kanta. "In ni kaɗai ce, Yaya ta isa. Shekara da shekaru ina koya wa yara wannan, kalmar tana kunnena safe da yamma, ban taɓa tambaya ba." Ta mayar da tabarau. "Akwai Yaya Ƙarami."

Da ta faɗa, ban ji komai ba. Kwalba ce babu komai a ciki.

"Baba ya nuna shi ya ce mene ne wannan," na ce. "Umma ta goge hannu."

"Kada ka ce haka."

"Ta kama hannunsa ta kai shi. Muna zaune muna shan shayi."

"Na ce kada ka ce."

Na kalli kofunan kan kanta. Na yi tunanin mai karanta mita da tumbinsa. Na yi tunanin katifar, da cewa akwai sauran fili a gefenta.

"Wannan maganar taki," na ce, "ta a bar abu a gabansa a riƙa kiran sunan. Tana aiki?"

"Wani lokaci. Ga wasu. Ba ni da tabbas, Auta."

"Ɗazu kina da shi."

"Ɗazu hoto nake magana."

"In Baba ya iya dawo da shi, ni ma zai iya riƙe ni."

Ta ɗauki jakarta.

Washegari da safe muka yi, lokacin shayi, don a lokacin kan Baba ya fi zama daidai. Yana kan kujerarsa, hasken taga a gefen fuskarsa. Umma tana kicin. Yaya ta ɗaura zare a yatsana, ja, daga kwandon ɗinki.

"Na mene ne?"

"In ka shiga za ka manta abin da ya kai ka. Ka ga zaren, ka tuna: kusurwa, hannu, fito. Kada ka tsaya kallon kaya."

"Wannan ma a jami'a aka koya miki?"

"A'a. Wannan tsoro ne ya koya min. Je ka."

Na tura ƙofar. Warin ya tare ni. Kayan suna nan a jere, babu sunan ko ɗaya a kaina. Na tsaya. Na ga jan zare a yatsana. Kusurwa, hannu, fito.

Yana nan yadda na bar shi. Na sunkuya na kama wuyan hannun. Da ɗumi. Akwai tabo a gefen babban yatsa, irin wanda allurar keken ɗinki ke bari. Ina da irin sa. Na ja kaɗan, ya tashi babu gardama. Ya fi ni tsawo. Ƙafafunsa sun yi tsami, yana tafiya yana dafa bango.

A baranda muka haɗu da Umma ɗauke da tire. Ta tsaya cak.

"Me kake fitarwa?"

"Umma, matsa min."

"Ba a fitar da kayan ɗakin nan. Za ka tayar masa da hankali." Tana magana tana kallon gefen abin, ba shi ba. Amma na ga tiren. Kofi biyar ne a kai. Mu huɗu ne a gidan.

"Umma," in ji Yaya daga ƙofar falo, "bar shi ya wuce. Don Allah. Sau ɗaya."

Umma ta manne da bango. Muka wuce ta.

Yaya ta riga ta ajiye kujera a gaban Baba, kusa, gwiwa da gwiwa. Na zaunar da shi a kai. Hasken taga ya sauka a kan koren yadin. Na ja baya na tsaya a gefen ƙofa. Yaya ta durƙusa kusa da Baba, ta riƙe hannunsa, ta yi muryar da take yi wa ɗalibanta masu tsoro.

"Baba, ga wani ya zo gaishe ka. Dube shi da kyau. Ba sauri."

Baba ya duba. Ya fara da rigar. Ya miƙa hannu ya taɓa wuyanta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya juya bakin aljihu ya duba ciki. Ya gyaɗa kai, kamar yadda yake yi in aiki ya yi kyau. Sannan ya ɗaga ido sama. Idonsa bai zame ba.

"Ɗanka ne, Baba," in ji Yaya. "Sunansa..." Ta tsaya. Ta dube ni. Ni ma babu.

Fuskar Baba ta buɗe. Rabon da in ga murmushi irin wannan tun kafin ciwon.

"Auta," ya ce. "Ka dawo?"

"Na'am, Baba," in ji wanda ke kan kujera.

Muryar a dushe take, ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Kuma yanzu ina ganin sa. Ina ganin fuskar sarai, doguwa, da gemu da ya tsiro babu gyara, da idanun Umma. Kofi ya yi ƙara a kan tire. Umma ta shigo, ta ajiye tiren a ƙasa, ta kama fuskar da hannu biyu.

"Dubi yadda ka rame," ta ce. "Kullum sai na ce ka riƙa ci da yawa. Auta, dubi gashinka."

"Umma," na ce, "ni ne Auta."

Babu wanda ya juyo. Na ɗauka ban ɗaga murya ba ne. Na sake faɗa.

Yaya ce ta ji. Ta waiwayo tana hawaye tana dariya, ta buɗe baki za ta ce min wani abu. Na ga idonta ya zo kan fuskata. Na ga ya zame. Ta sake kawo shi, da ƙarfi, yadda na yi a kusurwa. Ta dubi jan zaren da ke yatsana, ta daɗe tana dubansa, kamar tana son ta tuna wa ta ɗaura wa.

"Yaya Babba," na ce. "Ni ne. Faɗa masa."

Leɓɓanta suka motsa. Babu abin da ya fito.

Baba ya ji motsi a bakin ƙofa. Ya leƙo ta kafaɗar wanda ke kan kujera. Murmushin ya tsaya, sannan ya sauka a hankali. Ya karkata kai yana kallona, daga takalmi zuwa sama, yadda ya kalli baƙin ƙarfen nan ran da ya juya shi a hannunsa. Idanunsa suka fara cikowa.

Umma ta ga haka. Ta saki fuskar da take riƙe da ita. Ta miƙe tsaye. Ta goge hannunta a jikin rigarta.

Baba ya ɗaga yatsa ya nuna ni.

"Wannan fa," ya ce, "mene ne?"